Bomban da harsashi: tambayoyi kan yadda ake tarwatsa masu zanga-zanga a Sudan

Tun da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya taso mu daga unguwar Mayo a kudancin Khartum muka sauka Kasala, da wuya a yi hirar dare a gindin mai shayi ba a gangaro kan shekarun zanga-zanga ba. Yaran da ke firamare a wancan lokacin, yanzu gemu ya fara tsiro musu, kuma su ne suka fi tsare ni da tambaya. Haka 'yan'uwa na Kano da Damagaram da suka ga hotunan a waya. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nake bayarwa.

Kawu, me ya fito da mutane kan titi tun farko?

Burodi. A watan Disamban 2018 kuɗinsa ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, ga layin mai, ga banki ba kuɗi. Ranar 19 ga watan mutanen Atbara suka fito har suka cinna wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta, daga nan abin ya bazu gari-gari, kukan yunwa ya koma "tasgut bas", wato gwamnati ta faɗi kawai. Ranar 6 ga Afrilun 2019 aka kafa zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja a Khartum, ranar 11 sojoji suka sauke Umar al-Bashir bayan kusan shekara 30. Da shugaban soja Janar Burhan ya kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya da aka kafa bayan faɗuwar Bashir ranar 25 ga Oktoban 2021, aka sake komawa titi, kusan kowane mako, fiye da shekara guda.

'Yan sanda ne kaɗai ke tarwatsa taron?

Ina! Da su kaɗai ne da da sauƙi. Akwai 'yan sandan kwantar da tarzoma masu garkuwa da kulki. Akwai rundunar da ake kira Abu Tira saboda hoton tsuntsun da ke jikin bajonsu, waɗanda a sunan 'yan sanda suke amma a fagen daga na Darfur suka goge. A watan Maris na 2022 Amurka ta ƙaƙaba musu takunkumi kan yadda suka yi da masu zanga-zanga. Akwai jami'an tsaron farin kaya da ke yawo a motocin a-kori-kura da muke kira tatshar, sau da yawa ba lamba, fuska a naɗe. Ga dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, waɗanda suka samo asali daga mayaƙan Janjawid na Darfur, ga soja.

Wannan cakuɗa ita ce rabin matsalar. Wanda aka horar don ya fuskanci abokin gaba, idan ka ajiye shi gaban 'yan makaranta, abokan gaba zai gani. Sannan idan runduna huɗu suka taru a mararraba ɗaya aka harbi yaro, kowacce sai ta nuna 'yar'uwarta, a ƙarshe a ce wasu ɓata-gari ne da suka saje da jama'a.

Shi bomban ɗin mene ne? Ba hawaye kawai yake sa wa ba?

Bomban shi ne abin da Hausa ke kira barkonon tsohuwa. Ba ainihin hayaƙi ba ne, garin sinadari ne mai laushi, galibi wanda ake kira CS, da zafin gwangwanin ke watsawa cikin iska. Yana manne wa duk inda ke da danshi: ido, hanci, maƙogwaro, fatar da ta yi gumi. Ido ya rufe da kansa, ƙirji ya ɗaure, mutum ya ji kamar numfashinsa na ƙarshe ke nan. A fili mai iska, lafiyayyen mutum kan dawo hayyacinsa cikin rabin awa. Mai asma, da jariri, da tsoho, da wanda aka jefa wa shi cikin ɗaki ko cikin mota, labarinsu daban ne. Yarjejeniyar makamai masu guba ta 1993 ta haramta amfani da shi a fagen yaƙi, amma ta bar wa gwamnatoci damar amfani da shi a kan 'yan ƙasarsu. Har yau wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sai dai a Khartum gwangwanin kansa ya fi hayaƙin kisa. Ƙarfe ne mai nauyi da zafi, da bindiga ake harba shi. An yi shi ne don a cilla sama ya faɗo nesa da mutane. Idan aka saita shi kai-tsaye a ƙirji ko a ka daga kusa, ba shi da maraba da harsashi, kuma kwamitin likitocin Sudan ya lissafa mutane da dama da suka mutu ta wannan hanya.

Na ga haka da idona a farkon 2022. Ɗan maƙwabciyarmu, yaro ɗan shekara sha bakwai, yana gabana da ɗan taku kaɗan, riƙe da jarkar ruwa yana wanke wa mutane ido. Wani mai kaki ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya daidaita bakin bindigar daidai tsayin mutum. Ƙarar da na ji kamar an fasa ƙwarya ce. Yaron ya zauna a kwalta, jarkar tana tsiyaya a gefensa, jini ya rufe masa rabin fuska. Wani ɗan babur ya tsaya, muka sa shi tsakiya, wani ya hau baya ya rungume shi, domin babura ne motocin asibitinmu a lokacin. Ya rayu, amma idon hagu ya tafi. Da na isa gida uwarsa tana bakin ƙofa, ta dubi rigata ta ce, "Malam, jinin wa ke jikinka?"

To idan ya kama mutum, me zai yi?

Ya nufi inda iska ke fitowa, ya nemi tudu, kada ya murza ido. Ya wanke da ruwa mai tsabta da yawa, ya tuɓe kayan idan ya isa gida ya wanke su daban. Iyayenmu mata kan miƙo tsumma da ruwan hal (wato binega) ko albasa ta kan katanga, Allah ya saka musu, amma ruwa zalla likitoci suka fi yarda da shi. Samari sun ƙware wajen kife bokiti a kan gwangwani ya mutu a ciki. Ɗaukarsa da hannu tsirara kuwa ƙuna ce.

Amma ai hukuma tana da haƙƙin kare hanya da dukiya. Me doka ta ce?

Tana da shi, ba wanda ya hana. Taron dubban mutane yana buƙatar mai tsara shi, ko don kada a tattake juna. Abin da aka shata shi ne iyaka. Sudan ta shiga yarjejeniyar duniya kan 'yancin jama'a da siyasa tun 1986, kuma sashe na 21 ya tabbatar da 'yancin taro cikin lumana. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi da bindiga sun fayyace sauran: a fara da magana da gargaɗi, a ba mutane lokaci da hanyar fita, ƙarfin da za a sa ya zo daidai da barazanar da ke gaba, wanda ya ji rauni a gaggauta kai shi asibiti. Bindiga kuwa ba a ɗaga ta sai rai na cikin haɗarin da ke gab da aukuwa, kuma a kan wanda ke kawo haɗarin shi kaɗai. Ba a harbi cikin taro don a watsa shi. Rufe titi ba dalilin kisa ba ne, rashin takardar izini ma haka. Idan mutum goma suka yi jifa cikin dubu goma, goman za a ware a kama.

Ga ma'auni mai sauƙi da nake ba yara. Mai son taro ya watse yana barin ƙofa a buɗe. Wanda ya toshe gadoji da kwantenoni, ya datse intanet da layukan waya, ya bi masu gudu har cikin lungu da kulki, horo yake yi, yana so gobe tsoro ya zaunar da kowa a gida.

A Sudan an bi waɗannan ƙa'idoji?

A watan Satumban 2013, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ƙirga gawa wajen 185, da yawa harbin ka da ƙirji. Gwamnati ta amsa ƙasa da rabin haka. A watan Janairun 2019 an harba bomban da harsashi cikin asibitin Umdurman, a watan ne kuma aka harbe likita Babikir Abdulhamid a unguwar Burri. Ranar 3 ga Yunin 2019, a ƙarshen azumi, da asuba aka afka wa zaman dirshan: aka ƙona tantuna, aka yi wa mata fyaɗe, aka tsamo gawawwaki kusan 40 daga Kogin Nilu. Likitoci sun ce mamatan sun haura 100, ma'aikatar lafiya ta ce 61, aka rufe intanet fiye da wata guda. Bayan juyin mulkin 2021 an kashe fiye da mutum 120 a tituna, kuma ranar 17 ga Nuwamba kaɗai aka rasa fiye da goma, akasarinsu a Bahri, wato Khartum ta Arewa.

Mu Hausawa me ya kai mu ciki? Ba rigimar 'yan siyasar Khartum ba ce?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, amma na san inda ta fito. Kakanninmu sun zo ta hanyar hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garuruwa irin Mai Wurno, suka noma Jazira da Gadarif. Duk da haka an daɗe ana nuna mana cewa mu baƙi ne, har dattawanmu suka ɗauki kawar da kai a matsayin hanyar tsira. Amma 'ya'yanmu sun sha bomban tare da kowa a 2019, domin burodin da ya yi tsada bai tambayi ƙabila ba.

Sai ga Yulin 2022. A jihar Nilul Azrak rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan takaddama kan neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi da kuma batun ƙasa. A Rusayris da kewayenta aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu da abin da ke jikinsu. Hausawa suka fito a Kasala, Gadarif, Wad Madani, Al-Ubayyid da Bur Sudan. A nan Kasala an ƙona gine-ginen gwamnati da shaguna, an yi asarar rayuka, hukuma ta hana taro. Ba na kare ƙone-ƙonen nan. Mai shagon da aka ƙona ba shi ya kashe kowa a Rusayris ba.

A Khartum ranar 19 ga Yuli muka fito muka nufi fadar shugaban ƙasa. Akwai dattawa masu rawani da ba su taɓa taka zanga-zanga ba a rayuwarsu, akwai mata da goyo. Abin da muke nema a tsayar da kisan, a kama masu yi. Bomban ne ya tare mu. Wani tsoho da ke kusa da ni, yana tari yana share ido da bakin rawaninsa, ya ce mini, "Ɗana, da wannan saurin suka kai Rusayris, da ba mu fito ba." A watan Oktoba kisan ya dawo a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da mutum 200.

Su masu zanga-zangar ba su da nasu laifin?

Akwai jifa, akwai ƙona taya, akwai shingayen duwatsu da suka hana marasa lafiya wucewa. 'Yan sanda ma sun ji raunuka, kuma a watan Janairun 2022 an kashe wani birgediya na 'yan sanda da wuƙa a kusa da wurin zanga-zanga. Samarin da aka tuhuma kotu ta wanke su a Maris na 2023. Amma kalmar da kwamitocin unguwanni suka riƙe ita ce "silmiyya", lumana, kuma sun tsaya a kanta fiye da yadda kowa ya zata.

Ƙarfin yana kashe zanga-zanga kuwa?

Wani lokaci, na ɗan zamani, kamar 2013. Amma tarihin ƙasar nan ya fi nuna akasin haka. Ranar 21 ga Oktoban 1964 'yan sanda suka harbe ɗalibi Ahmad al-Kurashi a Jami'ar Khartum. Jana'izarsa ce ta zama ambaliyar da ta tafi da mulkin Janar Abbud. Bayan kisan 3 ga Yuni, ba intanet, ba hanyar kiran juna sai baki da baki da rubutun bango, amma ranar 30 ga watan jama'a suka fito fiye da da. Kowace gawa tana da unguwa, kowace jana'iza kuma sabon jerin gwano ce.

An taɓa hukunta wani?

Kaɗan. Malamin makaranta Ahmad al-Khair, da aka kama a Khashm al-Girba, nan jihar Kasala, ya mutu a hannun jami'an tsaro a watan Fabrairun 2019, bayan azabtarwa. Da fari aka ce guba ya ci a abinci. Jama'a suka ƙi yin shiru, a Disamban shekarar kotu ta yanke wa jami'ai fiye da 20 hukuncin kisa. Haka a shari'ar 'yan makarantar da aka harbe a Al-Ubayyid ranar 29 ga Yulin 2019, an samu wasu dakarun RSF da laifi.

Abin da ke tare sauran shari'o'in shi ne rigar kariya. Dokokin 'yan sanda da na hukumar tsaro sun tanadi cewa ba a gurfanar da jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki sai shugabanninsa sun amince, wato sai wanda ya ba da umarni ya yarda a tuhumi wanda ya bi umarnin. A Disamban 2021 Burhan ya ƙara fitar da umarnin ta-ɓaci da ya ba jami'an tsaro kariya. Kwamitin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firayim Minista Hamdok ta kafa a 2019 ƙarƙashin lauya Nabil Adib don binciken kisan 3 ga Yuni bai fitar da sakamakon ƙarshe ba har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, tsakanin soja da RSF, rundunoni biyun da shugabanninsu ke riƙe da ƙasar a safiyar da aka afka wa zaman dirshan.