Waiwaye: Yadda Caji Ofis Ya Zama Asibitin Farko

Tun da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Sakkwato. Ana jin ta a shirye-shiryen rediyo na bugo waya, ana ganin ta a Facebook duk ranar da hoton wani bawan Allah ya zaga an ɗaure shi tamau a bayan motar sintiri. Wasu na cewa idan aka kira 'yan sanda kan mai taɓin hankali, to a haɗa su da nas ko wani masanin ciwon ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake yi a wasu biranen Amurka da Ingila. Wasu kuma su ce da wane kuɗin, alhali man da za a zuba wa motar ma aiki ne, ga 'yan bindiga sun hana gabashin jihar sakat. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ke damuna shi ne duka ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya aka fara kai marar lafiya caji ofis.

Tarihin farko sananne ne. Turawa sun buɗe gidajen tsare masu taɓin hankali a Kalaba da Yaba a farkon ƙarni na 20, suka kafa doka a 1916, aka sabunta ta a 1958. Dokar tana kallon marar lafiya a matsayin wanda za a kare jama'a daga gare shi: likita ya sa hannu, alƙali ya ba da umarni, a kulle. A wurare da dama wani ɓangare na gidan yari ne aka ware masa. Ke nan tun fil'azal mai kaki ne ke riƙe da ɗan makulli. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a Aro ta Abekuta, inda marasa lafiya ke zama da danginsu a ƙauyukan kewaye suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba, amma dokar 1958 ta ci gaba da aiki har shekara sittin da biyar.

Can Amurka, inda ake ɗauko misalin, labarin ya ɗan bambanta amma ƙarshensa ɗaya. A 1955 asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohinsu na ɗauke da mutum sama da rabin miliyan. Aka yi dokar 1963 don a sallame su zuwa ƙananan cibiyoyi a unguwanni, aka sallame su ɗin, amma kusan rabin cibiyoyin da aka tsara ne kawai aka gina. Titi ya karɓi sauran, 'yan sanda suka gaje su. Bayan harbe wani marar lafiya a Memfis a 1987, birnin ya fara ba wasu zaɓaɓɓun 'yan sanda horon awa 40 kan yadda ake lallaɓa irin waɗannan mutane. A 1989 garin Yujin na jihar Oregon ya fito da shirin CAHOOTS, mota mai ɗauke da ma'aikacin jinya da mai ba da shawara, babu bindiga. Sai bayan kisan George Floyd a 2020 ne sauran birane suka yi rububin kwaikwaya.

Tamu mararrabar kuwa, wadda ban taɓa jin wani mai bugo waya ya ambata ba, ita ce shekarar 1991.

A wannan shekara Najeriya ta fitar da manufarta ta farko kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya lissafa ginshiƙai takwas na kiwon lafiya a matakin farko, irin su rigakafi da kula da mai ciki da tsaftar ruwa. Najeriya ta ƙara lafiyar ƙwaƙwalwa ta zama na tara. Ma'anar wannan a aikace babba ce. Malamin asibitin sha-ka-tafi da ke Gudu ko Kebbe ko Isa zai iya gane ciwon tun yana ƙarami, ya ba da magani, ya bi sawun marar lafiya wata-wata, sai abin da ya gagare shi ya tura gaba. Kuma magungunan da ake bukata ba na masu hannu da shuni ba ne. Ƙwayoyi irin su Largactil tun shekarun 1950 ake amfani da su, akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya ta riƙe mutum makonni.

Matsalar ita ce manufar ta zo a mummunan lokaci. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya riga ya karya darajar naira, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Tsarin Bamako na 1987 ya kawo asusun magani mai juyawa, wato a sayar wa marar lafiya magani a sake sarin wani da kuɗin. Duk wanda ya taɓa tsaron kanti ya san abin da zai biyo baya. Maganin zazzaɓi da na gudawa suna tafiya kullum, kuɗinsu na dawowa. Maganin ƙwaƙwalwa kuwa mai shansa sau da yawa ba ya aiki, danginsa sun gaji, wasu ma kunyar zuwa saye suke ji. Haja ce mai kwantai, don haka a hankali ta ɓace daga kanta ba tare da wani ya zauna ya yanke shawarar a cire ta ba. Malamin asibiti da ya ɗan karanta babin a makaranta, tun da bai da maganin bayarwa, ya daina tambaya. Jama'a su ma suka gane cewa wannan ƙofa ba ta wannan ciwon ba ce, suka daina ƙwanƙwasawa.

Wani rahoto da aka yi da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006 ya nuna inda aka kwana: abin da ke zuwa ga lafiyar ƙwaƙwalwa bai kai kashi 4 cikin 100 na kasafin lafiya ba, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na wannan ɗan abin manyan asibitocin ƙwaƙwalwa ke tafiya. Su ma ba su ƙoshi ba. A lokacin takwas ne na tarayya a duk faɗin ƙasar, cikinsu har da namu na Kware. Mu Sakkwatawa mun yi sa'a yana kusa da mu, ga kuma sashen da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma asibiti ɗaya da ke karɓar mutane daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara, har da masu tsallakowa daga Nijar, ba zai iya zama asibitin unguwar kowa ba.

Me ya haɗa wannan da ɗan sanda? Ciwon ƙwaƙwalwa ba kasafai yake faɗowa rana ɗaya ba. Yana aiko manzanni. Mutum ya daina barci, ya fara zargin abincin gida, ya riƙa magana shi kaɗai. Tsakanin wannan da ranar da zai ɗauki taɓarya akwai makonni. A cikin makonnin nan ne manufar 1991 ta yi alkawarin za a tare shi. Da ba a tare shi ba, sai ya kai matakin da babu mai iya tunkararsa sai wanda ke da ankwa.

Na gani da idona a unguwarmu. Wani dattijo maƙwabcinmu yana da ɗa mai ɗinki, yaro mai ladabi, da aka taɓa kwantarwa aka sallamo shi da magani. Shekara biyu lafiya lau. Da kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a 2023, zuwa karɓar magani ya koma bayan wata biyu, daga nan aka daina, aka koma rubutu da hayaƙi. Wani dare ya fasa ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya tsaya tsakar gida da almakashin ɗinkinsa. Ni na ɗauki tsohon a babur zuwa caji ofis. Ya durƙusa gaban kanta ya ce, "Yallaɓai, yarona na, bai da lahiya, ku taimake ni kada shi ji ma wani." Sajan ɗin da ke bakin aiki ya dube shi ya ce, "Baba, to mu ina za mu kai shi da daren nan?" Sun zo su huɗu, kuma tsakani da Allah ba su doke shi ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi ta kiran sunansa a hankali har ya ajiye almakashin. Amma bayan kanta ya kwana, tare da waɗanda aka kamo da laifi, uban na zaune a kan benci har asuba.

Tambayar sajan ɗin nan ita ce duk maganar kuɗi. Da akwai nas a motar, da ta yi masa allura ya samu barci, wannan alheri ne babba. Sai kuma ina?

Shekarun 2018 da 2019 sun ƙara wa borno dawaki. Binciken ƙasa kan shaye-shaye na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a shekara guda, kuma a shekarar aka hana maganin tari mai kodin. A 2019 aka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, aka fito da ɗaruruwan mutane da tabon sarƙa a ƙafa. Fasawar daidai ce, babu mai imanin da zai ga waɗannan hotuna ya ce a bar su. Sai dai iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don sun ƙi su ba ne, rashin wurin kaiwa ne, kuma ba a buɗe musu wani wuri a madadin ba.

Yanzu lissafi. Mako guda awa 168 ne, ma'aikaci kuma awa 40 yake yi. Kujera ɗaya a mota, dare da rana, tana cin mutum huɗu da ɗoriya, a ce biyar idan aka sa hutu da rashin lafiya. Ƙananan hukumomin Sakkwato 23 ne. Mota ɗaya tak a kowace ƙaramar hukuma na nufin ƙwararru 115, ban da mai da magani da alawus na shiga haɗari. Albashinsu ba shi ne abin tsoro ba, jiha za ta iya idan ta sa kanta. Mutanen ne babu. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa jaka zuwa Ingila da Saudiyya. Nas-nas masu wannan horon sun fi su yawa amma ba su wadata ba. Duk wadda aka sa a mota, daga gefen gadon wani aka ɗauko ta.

Masu goyon bayan tura ma'aikatan lafiya suna da hujja mai ƙarfi daga birnin Denba na Amurka. Shirin STAR, mai tura motar ma'aikatan lafiya maimakon 'yan sanda, da aka fara a watan Yunin 2020 ya amsa kira kusan 750 a wata shida na farko ba tare da an kama ko mutum ɗaya ba. Masu bincike daga Jami'ar Stanford sun gano ƙananan laifuffuka sun ragu da kashi 34 cikin 100 a unguwannin da ya yi aiki, kuma sun ƙiyasta dala 151 kan kowane laifi, maimakon dala 646 ta hanyar kamu da kotu. Wannan gaskiya ne, kuma ya tuna mana cewa hanyar da muke bi yanzu ma ba kyauta ba ce: 'yan sanda huɗu na dare guda, abincin wanda aka tsare, zaman kotu, watanni a gidan gyaran hali. Kuɗin na fita, ba a dai rubuta shi da sunan ciwon ƙwaƙwalwa. Amma motar Denba tana da cibiyar karɓar kira mai tantance wane ne marar lafiya wane ne ɗan fashi, tana da wuraren kwana da asibitocin da za ta sauke mutum. Mu a nan lambar kiran gaggawa ta 112 na nan, amma yawancinmu babur muke hawa mu je da kanmu, ko mu nemi lambar baturen 'yan sanda wajen mai unguwa.

Kuma ko can ɗin abin bai zauna da gindinsa ba. CAHOOTS da kowa ke kafa misali da shi ya dakatar da aiki a Yujin a watan Afrilun 2025 saboda rashin kuɗi, bayan shekara talatin da biyar yana yi.

Dokar 2023 ta tanadi sashe na musamman da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma ba marar lafiya haƙƙoƙin da dokar 1958 ba ta san da su ba. Takarda ce mai kyau, kamar yadda ta 1991 ta kasance. Idan an zo rabon abin da zai shiga asusun, ni dai zan so a fara da kantar maganin asibitin unguwa da malamin da ke tsaye a bayanta, a ba 'yan sandan sintiri ɗan horo irin na Memfis wanda ba ya cin mutum 115, sannan a gwada mota ɗaya a cikin birni a ga abin da za ta haifar.

Ɗan maƙwabcin namu an kai shi Kware washegari a motar haya, 'yan unguwa muka yi karo-karo. Ya yi makonni ya dawo, ya koma kan kekensa. Yanzu ƙanwar babansa ce ke riƙe da katin asibitin, tana ajiye kuɗin mota a gwangwanin madara tun daga farkon wata. Watan jiya ta ce mini bai cika ba, sai da ta sayar da kaza biyu.