Tukunyar iskar bindigar fenti a jirgin sama: a buɗe ake son ta

Ana saura mako biyu Babbar Sallah ɗan yayata da ke zaune a Bronx, a birnin New York, ya kira ni ta bidiyo. Ya baje kaya a kan gado yana nuna mini ɗaya bayan ɗaya: bindigar harbin fenti, abin rufe fuska, ƙoƙon da ake zuba ƙwallayen, sai wata baƙar tukunya mai kama da gorar ruwa. So yake ya taho da su Accra, in an gama rabon nama shi da abokansa na unguwar Nima su je su ɓata wa juna riga. Ya matso da ɗan agogon da ke wuyan tukunyar kusa da kyamara, ya ce, "Kawu, duba, allura na kan sifiri. Na sace iskar kaf, ba mai tare ni."

Na ce masa, "Ɗana, da sauranka. In ka kai ta haka, a can za ka baro ta."

Dokar hana tukunyar iska hawa jirgi ba ta Amurka kaɗai ba ce, ba kuma wani jami'i ne ya ƙirƙiro ta don ya wahalar da matafiyi ba. Tushenta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Montreal, wadda Ghana take ciki. A ƙa'idarta an kasa kaya masu haɗari gida 9, iskar da aka matse a tukunya tana gida na 2, ko mai kama wuta ce ko ba mai kamawa ba. Ƙungiyar kamfanonin jirage, IATA, tana fitar da littafin wannan ƙa'ida kowace shekara, shi ma'aikatan awon kaya ke bi. A nan gida GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, ita ce ke sa ido. Saboda haka hukuncin tukunya mai iska ɗaya ne, ko daga New York ka taso, ko daga Tamina 3 a Accra, ko filin Prempeh I na Kumasi: ba ta shiga jakar hannu, ba ta shiga jakar awo.

Mutane da yawa sun ɗauka dalilin shi ne in jirgi ya yi sama tukunyar za ta fashe saboda iskar waje ta yi ƙaranci. Ba haka ba ne. Ɗakin kaya na jirgin fasinja ana daidaita iskarsa kamar inda mutane ke zaune, kuma bambancin da ake samu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da ke cikin tukunyar. A ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi, tayar mota tana ɗaukar 30 zuwa 35. Tukunyar wasan fenti tana ɗaukar 3000, ta zamani mai zaren kabon kuma 4500. Abin tsoron shi ne zafi da bugu. In gobara ta tashi a ɗakin kaya, ƙarfin iskar yana ta hauhawa har tukunyar ta kasa riƙewa. In kuma aka wurga jaka, kamar yadda duk muka sha gani ta taga, wuyan ya karye, tukunyar ta zama harsashi. A watan Yuli na 2008 wata tukunyar iskar shaƙa ta fashe a cikin jirgin Qantas ƙirar Boeing 747 da ya taso daga Hong Kong zuwa Melbourne, ta huda jikin jirgin, dole ya yi saukar gaggawa a Manila. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Wannan fa tukunyar jirgin ce da kansa, wadda injiniyoyi ke dubawa, ba ta wani yaro da ke cusa ta tsakanin takalma da turare ba.

To in babu iska fa? A ƙa'idar kaya masu haɗari, irin wannan iskar in ƙarfinta bai kai wajen psi 29 ba, ta fita daga lissafi. Da a nan maganar ta tsaya, da yaron ya yi gaskiya. Sai dai akwai mai binciken tsaro, shi kuma damuwarsa daban. Tukunya ce rufaffiya mai kaurin jiki, bai san abin da ke ciki ba. Agogo na iya lalacewa, ana kuma iya lalata shi da gangan. Rantsuwarka ba hujja ba ce. Hukumar TSA, mai binciken tsaro a filayen jiragen Amurka, ta faɗi abin ƙarara: sai an kwance regileta, wato kan tukunyar da ke daidaita fitar iska, gaba ɗaya daga jikin tukunyar, bakinta ya zama a buɗe, yadda jami'i zai leƙa ya ga cikinta da idonsa. Ta kuma ce jami'anta ba za su kwance maka ba. In a rufe take, ko allura na kan sifiri, ba ta wucewa. Kamfanonin jirage da yawa haka suke nema, don haka wannan ita ce hanyar da za ka bi ko daga ina ka taso.

A ganina dokar ta yi daidai. Wanda ya taɓa sayen tukunyar gas ɗin girki a gidan mai ya san ba a yarda da bakin mai sayarwa, sikeli ake dubawa.

Kwance regiletan ne aikin da nake roƙon kowa ya bi a hankali. Da farko a tabbatar iska ta fita tas. Sau da yawa masana'anta na ɗaure ta tamau, wasu har da gam na musamman a zaren, ba ta fita da hannu. Kada a sa filaya a murɗe ta da ƙarfin tsiya, kada a kai ta kusa da wuta don gam ya saki. A kai shagon da ke sayar da kayan wasan, suna da abin kamawa, aikin 'yan mintoci ne. Tukunyar CO2 ta fi wannan mugun hali, domin ruwan iska ne a cikinta, da nauyi ake auna ta, yawanci ma ba ta da agogo. A 2004 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutum biyu sun mutu: ana kwance tukunya daga bindiga, ashe bawul ɗin ne ke warwarewa daga jikin tukunyar, ta fizge ta bugi mutum. Ga mai tukunyar CO2 mai araha, shawarata ya bar ta a gida kawai.

Sauran kayan ba su da doguwar magana. Bindigar, wadda 'yan wasa ke kira "marker", ba ta shiga jakar hannu ko da an warwatsa ta gunduwa-gunduwa, domin duk abin da ke harba wani abu ko ya yi kama da bindiga an hana shi shiga wurin fasinja. Jakar awo za ta, ba tukunya a jikinta, kuma ka faɗa wa mai awo da bakinka tun kafin na'ura ta nuna musu. Wasu kamfanonin sai an sanar da su kwanaki kafin tafiya, don haka ka rubuta musu, ka ajiye amsar a waya. Batirin lithiyam da ba a jikin na'ura yake ba, jakar hannu ake sa shi. Abin rufe fuska ma gara ka riƙe shi a hannu kada gilashin ya tsage. Ƙwallayen fentin jakar awo, ko da yake ni ban ga ribar ɗauko su ba. Kowace ɗaya giram 3 ce, kwali mai 2000 ya cinye kilo 6 cikin kilo 23 ɗinka, ga su da ɓawon jelatin wanda ba ya shiri da zafi da laimar Accra. Ɗaya ta fashe a hanya, shaddar Sallar Hajiya ta shiga uku.

Akwai ƙofa ta biyu da matasa ke mantawa. Jami'in da ya bar kayanka suka hau jirgi lafiyar jirgin ya duba, bai ba ka izinin shigo da su Ghana ba. Wannan na kwastan ne da 'yan sanda. Dokar makamai ta 1972 tana nan, shigo da makami sai da takardar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Akwai bindigogin fenti da aka ƙera baƙaƙe wuluk, har da gidan harsashi, daga nesa ba ka raba su da ta soja. Jami'in da ya ga irin wannan a na'ura zai riƙe ta ya yi tambaya, kuma aikinsa ya yi. Tun kafin a sayi tikiti a sa wani ɗan'uwa ya je sashen rajistar makamai na 'yan sanda da ofishin kwastan da hoton kayan da sunan ƙirarsa, ya karɓo amsa a rubuce. In ka sauka, ka bi layin masu bayyana kaya, rasit da littafin kamfanin a hannu. Wanda zai yada zango a Ingila ya ƙara bincike, don dokarsu ta 2006 ta tsaurara a kan shigo da abin da ya yi kama da bindigar gaske.

Mai wucewa Kumasi a jirgin cikin gida, kada ya ce tafiyar minti 40 ce ya cika tukunya a Accra. Dokar ba ta duba nisan hanya. In motar tashar Circle ta Accra za ka hau, dokar jirgi ta sake ka, amma shingen 'yan sanda na nan a hanya, takardunka su kasance kusa.

Sai kuma abin da na tambayi yaron ya yi shiru: wa zai cika maka ita a nan? Injin mai faci bai fi psi ɗari da 'yan kai ba, ko kusa ba zai kai 3000 ba. Sai filin wasan da ke da nasa injin, ko masu cika tukunyar nutso a teku, su kuma za su duba kwanan watan gwajin da ke jikinta, wanda yawanci duk shekara 5 ake sabuntawa. In za a mayar da regileta, a sa sabuwar roba, a ɗaure yadda kamfanin ya ce, kuma kada a kuskura a ɗiga mai a bakin da ake cika iska, don mai da iska mai wannan ƙarfi wuta suke haifarwa.

Bayan kwana uku ya turo mini hoto. Tukunyar na kwance baki buɗe, ya haska ta da fitilar waya har ana hango gindinta, regiletan kuma ya naɗe ta a cikin safa. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, ƙwallayen na fasa, na sa wa Hajiya man zafi a gurbinsu."