Kuɗin shiga Benis: shin ɗan haya ma zai biya?

Da zarar watan Afrilu ya ƙarato, sai maganar ta sake tashi a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa mazauna Italiya. Wai an kafa shinge a bakin birnin Benis, duk wanda zai taka cikinsa sai ya biya Yuro 10, ko da kuwa a can yake kwana yake tashi. Wasu har gishiri suke ƙara wa zancen, su ce wanda aka kama ba shi da tikiti zai gane kurensa ranar sabunta permesso, wato takardar izinin zama a ƙasar. Irin wannan magana tana iya sa mutum ya fasa karɓar ɗakin da ya sha wahalar nema, ko ya ƙi aikin otal a San Marco don tsoron kada albashin ya ƙare a bakin ƙofa. Yawancinta kanzon kurege ne. Amma akwai wani ɓangare guda na dokar da ke iya kama ɗan haya da gaske, kuma shi ne ba a cika magana a kansa ba.

Hukumar birnin ta fara karɓar wannan kuɗi ne ranar 25 ga Afrilu, 2024, a zamanin magajin gari Luigi Brugnaro, bisa ikon da dokar kasafin kuɗin Italiya ta 2019 ta ba ta. A shekarar farko kwana 29 kacal aka karɓa, Yuro 5 a kan kowane mutum, daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4:00 na yamma. A 2025 aka ƙara ranakun zuwa 54, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuli, akasarinsu Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A nan ne kuma Yuro 10 ɗin ya samo asali: wanda ya yi rijista da wuri yana biyan 5, wanda ya bari sai cikin kwana ukun ƙarshe ya biya 10. To ka ga ba kullum ba ne, ba kuma duk yini ba. Wanda ya shigo bayan ƙarfe huɗu ba ruwansa da kuɗin. Shinge ma babu. Ma'aikata ne ke tsayawa a wuraren da jama'a ke kwararowa, kamar gaban tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia da dandalin Piazzale Roma, suna neman a nuna musu lambar QR. Kuma tsohon birnin kaɗai abin ya shafa. Tsibiran Lido da Murano da Burano ba sa ciki.

Wanda aka nufa da kuɗin shi ne ɗan yawon buɗe ido da ya shigo da safe ya fita da yamma, bai kwana ba. Waɗanda ba sa biya suna da yawa: mazauna birnin, ma'aikata, ɗalibai, masu gidajen da ke biyan harajin mallakar gida da ake kira IMU, mazauna yankin Veneto da Benis ke cikinsa, yara 'yan ƙasa da shekara 14, masu zuwa neman magani, dangin mazauna na kusa, da wanda ya kama ɗaki a otal ko masauki a cikin ƙaramar hukumar, tunda shi yana biyan harajin kwana. Mu lura cewa Mestre da Marghera, inda baƙi da yawa suka fi samun haya, duk cikin ƙaramar hukumar Benis suke. Mai residenza, wato rijistar zama a hukumance, a Marghera ɗan gari ne a idon wannan doka, daidai da wanda tagarsa ke kallon gadar Rialto.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "mazauni". Mu a wurinmu wanda kayansa ke cikin ɗaki, yake biyan haya duk wata, ai mazauni ne. Doka kuwa rijista take dubawa. Mazauni a wurinta shi ne wanda sunansa ke cikin littafin anagrafe na ƙaramar hukuma, wato mai residenza. Shi ba ya buƙatar neman wata lamba. Idan an tare shi ya nuna katin shaidarsa ya wuce. Amma mutum na iya shekara biyu a unguwar Castello ta Benis alhali residenzarsa tana Napoli ko Brescia, inda ya fara sauka. Irin wannan, katinsa ba zai cece shi ba, domin adireshin da ke jikinsa na wani gari ne.

Wannan ba yana nufin zai biya ba. Dokar ta yi tanadi ga ɗan hayar da ke da yarjejeniyar zama, ba ta yawon buɗe ido ba, shi da iyalinsa. Abin da ake so gare shi shi ne ya shiga shafin hukumar, ya zaɓi dalilin da ya sa aka ɗauke masa biya, ya karɓi lambarsa kyauta ya ajiye a waya. Haka ma'aikaci, haka ɗalibi. Ɗauke maka biya daban, ɗauke maka rijista daban, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Suna jin an ce "ma'aikata ba sa biya" sai su fito hannu rabbana, a tare su a tasha, su dawo suna yaɗa cewa ana karɓar kuɗi a hannun kowa.

Sai mu zo kan wanda ba shi da contratto, wato rubutacciyar yarjejeniyar haya, kwata-kwata. Kowa ya san yadda ake yi: mai gida ya ce a ba shi kuɗi a hannu ba takarda, ko wani ya kama gida da sunansa ya raba gadaje ga mutum biyar. Dokar Italiya ta ce dole a yi wa yarjejeniyar haya rijista a hukumar haraji, Agenzia delle Entrate, cikin kwana 30, kuma wadda ba a yi wa ba ba ta da ƙarfi a gaban doka. Wanda ke zaune a haka ba shi da abin da zai shigar a shafin a matsayin ɗan haya, ba zai kuma samu residenza cikin sauƙi ba, saboda anagrafe na tambayar hujjar zamanka a gidan. Idan yana da aiki a rubuce, sai ya bi ta ƙofar ma'aikata. Idan wanda ya saukar da shi mai residenza ne, zai iya yi masa rijista a matsayin baƙonsa. Idan babu ko ɗaya, to a takarda shi ɗan yawon buɗe ido ne a unguwar da yake kwana. Laifin na mai gidan da ke gudun haraji ne, amma ɗan hayar ne ke tsaye gaban ma'aikaci yana kame-kame.

Wani abin da ya kamata a sani: mai gida ba shi da ikon hana ka yin residenza a gidan da kake zaune da yarjejeniya mai rijista. Wasu na faɗa da baki, "ɗaki akwai, amma ban da residenza". Hukuma ce ke bayarwa, bisa inda kake zaune a zahiri, kuma tana da kwana 45 ta turo 'yan sandan gari su tabbatar kana nan. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba zai haɗa da permesso da wa'adinsa bai ƙare ba. Saka sunanka a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙa, domin a lungunan Benis, inda ake lambar gidaje bisa unguwa ba bisa titi ba, ko ɗan gari kan ɓata.

Yanzu batun hukunci, wanda shi ne ya fi tayar da hankali. A 2024, wanda ya kamata ya biya bai biya ba, tararsa daga Yuro 50 ce zuwa 300, a kuma karɓi kuɗin shigar a kai. Tara ce ta gudanarwa, irin ta wanda ya hau jirgin ruwan haya ba tikiti. Ba a ɗaure mutum a kanta, ba ta cikin laifukan da ake kai mutum gaban alƙalin manyan laifuka. Saboda haka maganar cewa rashin lambar QR zai ci maka permesso ba ta da tushe.

Abin da ke iya zama babba shi ne ƙarya. Lokacin da kake neman a ɗauke maka biya, furuci kake yi wa hukuma da kanka cewa kai ma'aikaci ne ko ɗan haya ko ɗan uwan wane. A Italiya furucin ƙarya ga hukuma laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, a ƙarƙashin dokar 445 ta shekarar 2000. Mai wayon da ya ce maka "kawai zaɓi ɗalibi, wa zai duba?" yana so ka sayi shari'a don gudun Yuro 5. Ga baƙon da zamansa ya rataya a kan takarda, nan ne haɗarin yake. In ba ka da hujja, gara ka biya.

Ko dokar ta yi adalci? Hukuma ta ce so take ta rage cunkoso, kuma an amince da tsarin ne a 2023, lokacin da UNESCO ke shirin saka birnin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Sai dai ba a ƙayyade adadin masu shiga ba. In ka biya ka wuce. Ranar da aka fara, mazauna ne da kansu suka fito zanga-zanga a Piazzale Roma, suna cewa garinsu ba wurin wasa ba ne da za a yanka masa tikiti, gidaje suke nema. Kuma suna da hujja. A 1951 kusan mutum 175,000 ne ke zaune a tsohon birnin. A 2022 adadin ya faɗo ƙasa da 50,000, kuma a 2023 gadajen baƙi suka zarce yawan mazauna. Wani kantin magani kusa da Rialto ma allo ya kafa da ke nuna yawan waɗanda suka rage. Abin da ke korar ɗan haya shi ne gidan da aka mayar masaukin kwana biyu, wanda ke kawo wa mai shi a mako abin da iyali za su biya a wata. Amma baƙon da ya kwana a irin wannan gida an ɗauke masa kuɗin shiga, sai mai zuwa ya koma ne ke biya. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Ranakun karɓar kuɗin suna sauyawa duk shekara, haka ma wasu ƙa'idojin wanda zai yi rijista da wanda katinsa ya wadatar, don haka a duba shafin hukumar, cda.ve.it, kafin Afrilu. Wanda kuma yake shirin kama ɗaki a unguwar Cannaregio ko Dorsoduro, ya tambayi mai gida tun kafin ya miƙa kuɗin ajiya, wanda doka ta hana ya wuce hayar wata uku, ko za a yi wa yarjejeniyar rijista da sunansa a ciki.