Cajin babur mai lantarki a gida: wa tarar naira 100,000 ta shafa?

Tun da baburan nan masu caji suka fara shigowa Sakkwato, wata magana ke yawo a majalisu da tashoshin 'yan kabu-kabu, wai duk wanda 'yan NEPA suka tarar yana cajin babur a gida za su yanke masa wuta, su ci shi tarar naira dubu ɗari. Har akwai masu jira sai dare ya raba su sa caji, su lulluɓe batirin da bargo kada a hango 'yar fitilar caja.

Tarar kam akwai ta, sai dai ba don babur aka yi ta ba. Ta fito ne daga umarnin da hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta sabunta a Janairun 2025 kan satar wuta da taɓa mita. Ya hau kan kowa, mai gida da mai shago da mai masana'anta. Babu inda ya ware abin hawa. Gwamnatin tarayya ma da kanta ta cire harajin VAT a kan ababen hawa masu lantarki a 2024.

Abin da ake hukuntawa shi ne inda ka ɗauko wutar, ba abin da ka jona mata ba. In soket ɗin bangonka ne, wutar ta bi ta mita, yunit na sauka, to babur da firji da dutsen guga duk ɗaya suke. Laifin yana farawa ne lokacin da aka kira wani yaro mai gyaran wuta ya zagaye mita, ko ya saƙalo waya daga falwaya kai tsaye don "babur kaɗai". Mai mita mai layi ɗaya zai biya naira 100,000 a karon farko kafin a mayar masa da wuta, 150,000 in ya sake. Mai layi uku 200,000 ne, sannan 300,000. Kuma wannan tarar ce kawai; za a lissafa wutar da aka sha ba a biya ba, a ɗora. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda aka kai kotu aka same shi da laifi.

To nawa ne ma cajin da ake wannan kasada dominsa? Batir mai bolt 72 da amfiya 30 yana ɗaukar yunit biyu da 'yan kai. Ko a rukunin A, mafi tsada, wanda kamfanin rarraba wuta na Kaduna, mai ba Sakkwato wuta, ya sa wa naira 209.5 kan yunit a Yulin 2024, cikawa daga ƙasa ba za ta wuce kusan naira 500 ba har da abin da caja ke zubarwa. Ke nan tara ɗaya ta cinye kuɗin caji ɗari biyu.

Ni dai ban ga aibin hukunta ɓarawon wuta ba, don mai biya ne ke ɗaukar nauyinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dubu ɗarin ɗan kabu-kabu nan take ake nema, amma wanda ya shekara yana jiran mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, haƙuri ake ba shi. Wanda aka ɗora wa laifin da bai yi ba, ya rubuta ƙorafi ga kamfanin, in ba a warware ba ya wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC. Kada ya ba kowa kuɗi a hannu ba rasit.

Batun bargo kuwa, a daina. Zafi ne babban abin da ke rage kwanan batirin litiyam, ga shi a watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40. In an dawo daga aiki a bari ya huce a inuwa, a yi caji inda iska ke ratsawa da cajarsa ta asali, nesa da katifa da galan ɗin fetur.