Tumatir, shayi da zafin ranar Tawa: abinci yana kare fata daga sankara?

Mu baƙar fata ma, har rana tana iya jawo mana sankarar fata?

Ba kamar Turawa ba. Baƙin launin fatarmu yana tare kaso mai yawa na hasken rana mai ƙuna, wanda ke lalata ƙwayoyin fata sannu a hankali. Amma akwai ƴan uwanmu da ba su da wannan garkuwa, wato zabaya. Yaro zabiya da aka tura kiwo ko tallar ruwa da tsakar rana a bazarar Tawa ta Nijar, za ka ga leɓensa ya tsage, wuyansa da bayan kunnensa sun yi ɓawo-ɓawo. Wannan ɓawon ne kan iya rikiɗewa ya zama gyambon da ba ya warkewa, wato sankarar fata. Masu shafa man bilicin su ma suna rage wa kansu kariyar.

An ce tumatir yana taimakawa. Da gaske ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Abin da ke sa tumatir ja, wani sinadari mai suna likofin, yana taruwa a fata, kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan an dafa tumatirin da mai, kamar a miyar gidajenmu. An gwada mutanen da suka yi makonni suna cin tumatirin gwangwani da mai kullum, sai aka ga fatarsu ta ɗan ƙara jure wa rana kafin ta yi ja. Sai dai rage ja daban, hana sankara daban, kuma kariyar ba ta kama ƙafar ta malafa ba.

Koren shayi da albasar Galmi fa?

Suna ɗauke da sinadarai masu amfani, amma yawancin shaidar daga ɓeraye ce da ɗakin gwaji. A sha, a ci, kada dai a ɗauke su magani.

To sai a sayi ƙwayoyin bitamin?

Nan ne nake jan kunne. A garin Nambour na Ostireliya an ba mutane ƙwayar sinadarin da ke cikin karas shekaru da dama, sakamakon da ya fito a 1999 ya nuna ba ta rage komai ba. Man kare rana da aka shafa kullum shi ne ya rage wani nau'in sankarar. Ga masu shan taba kuwa, an ga wannan ƙwayar tana ƙara haɗarin sankarar huhu.

Wanda ya nuna amfani shi ne wani nau'in bitamin B3. A 2015, a Ostireliya kuma, mutum 386 da suka taɓa yin sankarar fata sun shiga gwaji, waɗanda suka sha miligiram 500 sau biyu a rana sun samu ragin sabbin sankara da kashi 23 cikin ɗari a shekara guda. Da suka daina sha, amfanin ya tafi. Wannan shawara ce tsakanin majinyaci da likita. Gujiya, nama da kifin tafkin Tabalak suna da B3, kuma ƙarancinsa kan sa fatar da rana ke bugu ta yi kaushi ta yi duhu.

Abin shafawa na gargajiya fa?

Man kaɗe yana tausasa fata, bai isa ya tare rana ba. Lemun tsami kuma kada a shafa shi a fita rana, yana ƙona fata ya bar tabo.

Me ya kamata uwar zabiya ta yi?

Malafa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu, inuwa daga hantsi har la'asar, da man kare rana mai lamba 50 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) idan ya samu. Duk gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, a kai shi asibiti. Ko wanda ba zabiya ba, ya riƙa duba tafin ƙafarsa da ƙarƙashin farcensa, domin a wurinmu nan ne baƙin tabo mai haɗari ya fi fitowa. Idan aka cire shi yana ƙarami, sau da yawa an gama. Wanda ya yi nisa sai an tura shi cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai.