Gianluigi Buffon

Gianluigi Buffon, wanda magoya baya ke kira Gigi, tsohon mai tsaron ragar Italiya ne da ya shafe kusan shekara 28 yana wasa. An haife shi ranar 28 ga Janairun 1978 a garin Carrara na yankin Tuscany. Ya buga wa ƙasarsa wasa 176, kuma babu ɗan Italiya da ya kai shi. A watan Agustan 2024 hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta ba shi lambar yabo ta shugabanta, shekara guda bayan ya yi ritaya.

Tasowarsa

Da farko ɗan tsakiya ne. Gasar cin kofin duniya ta 1990, wadda Italiya ta karɓi baƙunci, ita ta sauya masa tunani. Yana ɗan shekara 12 ya kalli Kamaru ta doke Ajantina da ci 1-0 a wasan buɗe gasar, ta kuma kai matakin kwata fainal, Thomas N'Kono na tsare mata raga. Buffon ya sha faɗin cewa N'Kono ne ya sa shi sha'awar zama gola, har ya raɗa wa ɗansa na fari suna Louis Thomas. Masu kallon ƙwallo a Afirka suna riƙe da wannan labari, domin ba kasafai wani gwarzon Turai ke nuna ɗan Afirka ya ce a wurinsa ya koya ba.

Ya shiga makarantar matasa ta Parma wajajen 1991. Ranar 19 ga Nuwamban 1995 ya fara wasa a Serie A, babbar gasar lig ta Italiya, yana ɗan shekara 17, a karawa da AC Milan mai su George Weah da Roberto Baggio, aka tashi babu ci. A 1999 ya ɗauki kofin UEFA da Coppa Italia da Parma.

Juventus da shekarar 2006

Juventus ta saye shi a 2001 kan kuɗin da ake ƙiyastawa ya kai Yuro miliyan 52. Sai a 2018 aka sake sayen wani gola da tsadar da ta wuce wannan.

Shekarar 2006 ce ta fi kowace bayyana dalilin ƙaunar da ake yi masa. A gasar cin kofin duniya ta Jamus ƙwallo biyu kacal suka shiga ragarsa cikin wasa bakwai kafin bugun raba gardama: ɗaya cin gida ne na Cristian Zaccardo a wasa da Amurka, ɗayar fenaretin Zinedine Zidane na Faransa a wasan ƙarshe a Berlin. A ƙarin lokacin wasan Zidane ya sa wa ƙwallo kai da ƙarfi, Buffon ya ture ta sama da hannu ɗaya. Italiya ta ɗauki kofin, aka zaɓe shi golan gasar, ya kuma zo na biyu a Ballon d'Or bayan Fabio Cannavaro.

A wannan bazarar aka jefa Juventus rukuni na biyu saboda badaƙalar Calciopoli ta katsalandan wajen zaɓen alƙalan wasa, aka ƙwace mata kofunan lig biyu. Cannavaro da Thuram da Ibrahimović da Vieira suka tafi. Buffon, wanda a lokacin kowace babbar ƙungiya za ta so ɗaukarsa, ya zauna tare da Del Piero da Nedvěd da Trezeguet, ya je yana tsare raga a ƙananan filaye har ƙungiyar ta dawo Serie A a 2007. Magoya bayan Juventus sun ɗauki wannan a matsayin riƙon amana, kuma har yau shi suke fara ambata kafin kofuna.

Ya ɗauki Serie A sau 10, ya buga wasa 657 a gasar. A kakar 2015-16 ya yi minti 974 ba a zura masa ƙwallo ba.

Abin da bai samu ba

Sau uku ya kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, a 2003 da 2015 da 2017, bai ɗauki kofin ba. A Nuwamban 2017 Sweden ta hana Italiya zuwa gasar duniya, ya yi hira da 'yan jarida a filin wasa na San Siro yana hawaye, yana ba jama'ar ƙasar haƙuri. Ya kuma fito fili ya yi maganar ciwon damuwa da ya yi fama da shi wajajen 2003 zuwa 2004, abin da 'yan wasa kaɗan ke iya faɗa.

An soke shi kan lamba 88 da ya zaɓa wa rigarsa a Parma a 2000, lambar da ake dangantawa da masu aƙidar Nazi, ya ce bai san ma'anar da ake ba ta ba, ya canza. An kuma soke shi kan kalamansa ga alƙalin wasa Michael Oliver a 2018.

Karramawa

A 2016 ya zama gola na farko da ya karɓi Golden Foot, kyautar da jama'a ke kaɗa wa ƙuri'a, aka ajiye sawun ƙafarsa a Monako. A 2017 FIFA ta ba shi kyautar gwarzon gola karon farko da aka ƙirƙiro ta. Lambar UEFA kuwa shugaban hukumar Aleksander Čeferin ne ya miƙa masa a wurin bikin raba jadawalin Gasar Zakarun Turai a Monako.

Bayan shekara guda a Paris Saint-Germain da biyu a Juventus, ya koma Parma a 2021. A can ya yi ritaya a Agustan 2023 yana da shekara 45, aka naɗa shi jagoran tawagar 'yan wasan Italiya a watan.