Karayar arziki a gaban kotu: ma'anarta ga mai tsohon bashin kati a Amurka

A Amurka, idan aka ce mutum ya shiga bankrofsi, ana nufin ya kai kansa kotun tarayya ya bayyana cewa bashin da ke kansa ya fi ƙarfinsa. Zai lissafa duk abin da ya mallaka, da duk wanda ke bin sa, da abin da yake samu a wata, ya sa hannu bisa rantsuwa. Daga nan kotu ta karɓi al'amarin. Ko dai ta sa a sayar da abin da doka ta yarda a sayar a raba wa masu bin bashi, ko ta tsara masa biya a hankali, a ƙarshe kuma ta ba shi takardar sallama wadda ke hana kowa sake neman sa da waɗancan basussuka har abada. Wannan ita ce shelar karayar arziki. Dokar da ake aiki da ita ta 1978 ce, an kuma tsaurara ta a 2005.

Cikin masu zuwa wannan kotu, da wuya ka samu wanda ba shi da bashin kati, wato katin banki da ake sayayya da shi bashi a biya daga baya. A 2023 ne jimillar bashin katin da ake bin Amurkawa ta haura dala tiriliyan 1 a karon farko, kuma kuɗin ruwan da bankuna ke ɗorawa ya kan wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. 'Yan uwanmu da ke unguwar Bronx ta New York da sauran birane, masu tasi da masu aikin sito da na jinya, ba su tsira ba. Rashin lafiya ta wata uku ko tsayawar aiki ta isa ta sa mutum ya biya haya da kati, ya sayi abinci da kati, kafin ya farga ruwan ya fi uwar kuɗin gudu. Sai ya daina ɗaga waya, ya daina buɗe ambulan, shekaru su wuce.

Kafin a kai ga maganar kotu, ya kamata a san inda bashin nan ya kwana a cikin waɗannan shekaru. Idan aka yi kamar kwana 180 ba a biya ba, banki kan cire bashin daga jerin kuɗin da yake sa ran samu, ya rubuta shi a matsayin asara. Mutane da yawa na ganin wannan a rahoton bashinsu, wato takardar tarihin yadda suke biyan bashi, su ɗauka an yafe. Ba a yafe ba, lissafin banki ne kawai ya canza. Yawanci sai bankin ya sayar da bashin ga wani kamfani da sana'arsa ke nan, irin su Midland Credit Management da Portfolio Recovery Associates. Hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta bincika a 2013 ta gano cewa matsakaicin abin da irin waɗannan kamfanoni ke biya senti 4 ne a kan kowace dala. Ke nan wanda ke kiranka yana neman dala 10,000 mai yiwuwa da 'yan ɗaruruwa ya sayi takardar. Sanin wannan kaɗai ya kan canza yadda mutum ke magana da su.

Tsohon bashi yana da wa'adi iri biyu, kuma a nan ne aka fi ruɗewa. Na farko na rahoton bashi ne, wanda kamfanoni uku ke riƙe da shi: Equifax da Experian da TransUnion. Doka ta ce tabon bashin da ba a biya ba zai fita daga rahoton bayan kimanin shekara 7, ana ƙirgawa daga lokacin da aka fara saɓa biya. Sayar da bashin ga wani kamfani ba ya mayar da wannan ƙirga baya.

Na biyu ya fi muhimmanci, shi ne wa'adin kai ƙara. Kowace jiha da nata, galibi tsakanin shekara 3 zuwa 6. Kalifoniya da Texas shekara 4 ne, jihar New York kuma ta rage nata zuwa 3 a 2022. Idan wa'adin ya cika, bashin yana nan, ana iya rubuto maka wasiƙa a roƙe ka, amma ƙa'idar tarayya ta hana mai karɓar bashi ya kai ka kotu a kansa ko ya yi maka barazanar haka. Tarkon da ke ciki shi ne, a jihohi da dama, idan ka biya ko dala 20 ce, ko ka rubuta cewa ka amince da bashin, ƙirgar ta koma farko. Wani zai kira da murya mai laushi ya ce ka ba da ɗan abin da ya samu don a ga kana da niyya. Mutumin kirki ne ya fi faɗawa, domin shi ne ke jin nauyin a ce ya ƙi. New York da Texas sun toshe wannan ƙofa, amma ba ko'ina ba. Shi ya sa nake ganin tambayar farko ga mai tsohon bashi ita ce yaushe ya yi biya na ƙarshe, kuma a wace jiha yake zaune.

Akwai wata doka ta 1977 da ta sa wa masu karɓar bashi iyaka: ba kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ba zagi, ba ƙaryar cewa 'yan sanda na tafe. Kana da kwana 30 daga wasiƙarsu ta farko ka nemi su kawo shaidar bashin a rubuce. Ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan bashin kati.

Abin da ke karya mutane shi ne sammaci. Gidauniyar Pew Charitable Trusts ta wallafa a 2020 cewa a wuraren da ta samu alƙaluma, fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙararrakin bashi na ƙarewa ne da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai amsa ba. Alƙali ba zai binciko maka cewa wa'adi ya wuce ba, kai ne za ka faɗa. Idan ka yi shiru, kamfanin ya ci shari'a ko da hujjarsa mai rauni ce, kuma hukuncin kotu ya fi bashin kati tsawon rai nesa ba kusa ba. Da shi ake rufe asusun banki, da shi ake yankar albashi har kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji, sai dai a 'yan jihohi irin su Texas da Pennsylvania da ba su yarda da yankar albashi a kan irin wannan bashi ba. A daidai wannan gaɓa ce maganar karayar arziki ke zama ta gaske.

Ga mutum ɗaya, hanyoyi biyu aka fi bi, ana kiran su da lambar babinsu a cikin dokar. Babi na 7 shi ne na sharewa. Kotu ta naɗa amintacce ya duba dukiyarka, ya sayar da abin da ya wuce iyakar da doka ta keɓe maka. Abin da aka keɓe ba kaɗan ba ne: kayan gida, tufafi, kayan sana'a, mota har wani ƙima, kuɗin ritaya, da wani kaso na darajar gida, wanda a Texas da Florida ma ba a sa masa iyakar kuɗi ba. Saboda haka mafi yawan masu Babi na 7 ba a sayar musu da komai. Cikin wata 4 zuwa 6 an gama, bashin kati da na asibiti sun tafi. Tun gyaran 2005 ba kowa ke shiga ba, sai an auna abin da ka samu a wata 6 da suka wuce da matsakaicin abin da gida mai yawan mutanenka ke samu a jiharka. Idan kana ƙasa, ka wuce. Idan kana sama, sai an yi lissafi na biyu.

Babi na 13 na mai albashi ne da ke da abin da yake son ya tsare, kamar gidan da ake shirin ƙwacewa. Zai riƙa biyan amintaccen kotu wani abu duk wata na shekara 3 zuwa 5, abin da ya rage na bashin kati a share. Da yawa ba sa kai ƙarshe, domin shekara 5 ba tare da tuntuɓe ba abu ne mai wuya ga wanda samunsa ke hawa da sauka.

A duka biyun, ranar da takarda ta shiga kotu komai ke tsayawa: kiran waya, ƙarar da ke gaba, yankar albashi. Kuɗin shigarwa dala 338 ne a Babi na 7, dala 313 a Babi na 13, kuma mai ƙaramin ƙarfi na iya neman a ɗauke masa na farkon. Kuɗin lauya daban ne, ya kan haura dala 1,000. Dole a halarci zaman shawara kan bashi cikin kwana 180 kafin shigarwa, da wani darasi bayanta. Sai zama ɗaya da amintaccen, inda zai yi maka tambayoyi bisa rantsuwa, sau da yawa na 'yan mintoci. Ba sharaɗi ba ne sai ɗan ƙasa, mazaunin Amurka ma na da wannan dama.

Sallamar ba ta shafi komai da komai ba. Kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata ko miji na nan, haka harajin 'yan shekarun baya, da tarar laifi, da yawancin bashin karatu. Wanda ya ruga ya kwashi kayan ƙawa da kati cikin kwana 90 kafin ya shigar, ko ya ciri tsabar kuɗi masu yawa cikin kwana 70, doka za ta ɗauka da gangan ya yi. Wanda kuma ya tsaya maka ya sa hannu tare da kai, a Babi na 7 bashin zai koma kansa gaba ɗaya, don haka ya cancanci ka gaya masa tun wuri.

Akwai wuri guda da na fi ji wa mutanenmu tsoro. A wajenmu, idan abu ya taɓarɓare, wanda ake fara biya shi ne ɗan uwa: yayan da ya ranta maka kuɗin jirgi, surukin da ya cika maka kuɗin mota. A idon kowa wannan mutunci ne. Dokar karayar arziki kuwa tana kallonsa a matsayin fifita wani a kan sauran masu bi, kuma amintaccen kotu na iya bin ɗan uwan ya karɓo abin da ka biya shi cikin shekara 1 kafin shigarwa. Haka filin da ka saya a gida, ko ginin da ka fara a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ko rabonka na gado, ko kwasar adashin da kake jira. Takardar ta tambayi dukiyarka duk inda take a duniya. Wani zai ce wa zai sani, amma tarihin kuɗin da ake turawa gida yana nan a takardun banki, kuma su ake fara dubawa. Ɓoye dukiya laifi ne na tarayya mai ɗaurin har shekara 5, ga kuma rasa sallamar da aka zo nema. Mayar da fili sunan ƙane ana gobe shigarwa ya fi ɓoyewar muni. A faɗa wa lauya komai tun zaman farko, shi zai ce a shigar yanzu, ko a jira, ko a fasa.

Tabon karayar arziki na zama a rahoto shekara 10 a Babi na 7, shekara 7 a Babi na 13, kuma sai bayan shekara 8 ake iya samun sallamar Babi na 7 karo na biyu. Neman gidan haya zai yi wuya na ɗan lokaci. Amma wanda ya shekara uku bai biya ba, makin da bankuna ke auna amincinsa da shi ya riga ya zube, abin da zai ƙara rasawa kaɗan ne. Doka kuma ta hana mai aiki ya kore ka don wannan dalili kaɗai.

Musulmi zai tambayi inda addini ya tsaya, kuma tambayar a wurinta take. Fiƙihu ya san muflisi, ya san alƙali na iya hana shi taɓa dukiyarsa a raba wa masu bi gwargwadon haƙƙinsu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma wanda bashi ya danne na cikin mutum takwas da ake ba zakka. Inda aka rabu shi ne, a fiƙihu kasawa na jinkirta biya ne, ba ta share shi, alhali kotun Amurka sharewa take yi. Ga kuma batun riba da ta cuɗanya da uwar kuɗin. Wannan a kai wa malami da cikakken bayani. Abin da zan iya ƙarawa shi ne dokar ba ta hana mutum ya biya da son ransa bayan sallama idan Allah ya buɗa masa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kunyar da ke sa mutum ya ɓoye wa matarsa sammaci ta fi bashin kansa ɓarna.

Ba kowane mai tsohon bashi ke buƙatar kotu ba. Wanda wa'adin ƙararsa ya cika kuma tabon ya kusa fita, zai iya jawo wa kansa sabon tabo na shekara 10 a banza. Dattijon da ba shi da komai sai fanshon gwamnatin tarayya, ko an ci shi a kotu ba a taɓa wannan kuɗi don bashin kati. Mai bashi ɗaya ko biyu zai iya sasantawa a kan wani kaso, muddin an ba shi yarjejeniyar a rubuce kafin ya biya, ya kuma san cewa abin da aka yafe daga dala 600 zuwa sama ana kai rahotonsa ofishin haraji, abin da ba ya zama haraji idan kotu ce ta share. A yi hattara da kamfanonin da ke tallar za su sasanta maka: tun 2010 an hana masu yin wannan ta waya karɓar lada kafin su daidaita ko bashi ɗaya.

Wanda kuwa ke da katuna biyar ko shida, wa'adinsu da saura, sammaci ya fara zuwa, kuma lissafi ya nuna ko shekara 5 zai yi yana ƙuntata wa iyalinsa ba zai gama ba, domin irinsa aka yi dokar. Ya ciro rahotonsa kyauta a AnnualCreditReport.com, ya haɗa da takardun albashi da na banki da duk wasiƙar kotu, ya je wajen lauyan karayar arziki ko ofishin taimakon shari'a na garinsu. Lauyoyi da yawa ba sa karɓar kuɗi a zaman farko. Idan akwai sammaci a hannu, ranar da aka rubuta a kansa ita ce abin dubawa na farko, domin kwanakin amsawa a jihohi da yawa ba su wuce 20 zuwa 30 ba.